Kwalbar Zoɓon Inna

Jiya jikata ta kawo min alewa mai ƙamshin ayaba. Na shinshina, na mayar mata. Ƙamshin kwalbar nan ne.

Ina da shekara kamar tara a Gangara. Inna na dafa zoɓo, ni ke kai shi kasuwa. Da bazara kafin la'asar ya yi tsami, sai a zuba wa awaki. Baba na fataucin kaya zuwa Nijar. Wata rana ya zo mata da 'yar kwalba, ya ce mai kantin ya faɗa mishi ɗigo uku a tulu na hana shi lalacewa. Haka kuwa anka yi. Zoɓon Inna na kwana lafiya, ga ƙamshi. Duk suna, duk walimar sauka, ita aka nema.

Ba mai karanta rubutun jikin kwalbar a gidanmu. Da ta ƙare na ɗauka ina zuba man kitso, ina yawo da ita cikin tire. Ranar kasuwa wani direba daga Nijar ya sha kofi biyu, ya ɗauki kwalbar yana juyawa.

"Yarinya, wanga aka sa muku?"

Na ce e, da alfahari ma.

"To da giya ciki. Ga shi an rubuta."

Da ƙarfi ya faɗa. Kafin in iso gida maganar ta riga ni.

Kakana malamin zaure ne, ƙaninsa ma haka. Bayan la'asar sunka zauna, mutane cike da ƙofa. Ƙanin ya ce giya najasa ce, ɗigonta ya ɓata tulu, a zubar. Kaka ya sa anka kawo tulun. Ya duba, ya shinshina.

"Giya haram ce, ba mai musu. Amma wagga an sa ta don kar abinci ya ɓaci, ta narke ta ɓace. Ko ka shanye tulun ga ba ka buguwa. Malamai sun saɓa a kai. Kuma baiwar Allah ba ta sani ba."

Ya cika kofi, ya yi bisimilla, ya shanye gaban kowa. Ƙanin ya kaɗe rigarsa ya fita. Rabin mutane sunka bi shi.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mata sunka daina aron ludayinmu. A rijiya wata ta ce min, "Ɗiyar mai giya, matsa da guganki." Inna ta fasa tulun bayan gida da taɓarya. Ba ta buge ni ba, ba ta ko yi min faɗa ba. Da ta buge ni ya fi sauƙi.

Ba ta sake dafa zoɓo ba har ta rasu. Da ciwo ya yi tsanani ta riƙe hannuna.

"Na shayar da masu saukar Alƙur'ani. Kina ganin za a tambaye ni?"

Na ce Kaka ya ce ba laifi. Ta ce Kaka ba shi zai kwanta cikin ramin ba.

Yanzu muna Sabon Birni, tun da 'yan bindiga sunka tashe mu. Abin da anka miƙo muna cikin gwangwani ko leda shi muke ci, ba mai tambayar mi ke ciki. Wadda ta kore ni a rijiya, ɗakinta na jikin nawa. Kwano ɗaya muke sa hannu.

Har yau ban iya karatu ba. Jikata ta iya. Ta ɗaga ledar alewar ta ce ko ta karanta min.

Na ce ta sha abinta, kar ta karanta min.