Jan Ɗaurin Mai Kunne

"To sake murzawa," in ji Mai Kunne.

"Na murza, Baba."

"Na ce ka murza!"

"Wallahi Baba sau biyu ke nan. Ta yi ƙas, ta yi shiru."

"Ai na ji. Gwada ka nake yi."

Bai ji ba. Ya ɗago kansa daga cikin bonet ɗin motar burodin, ya harari surukinsa da ke zaune bayan sitiyari yana zufa. Shekara biyu ke nan kunnensa na hagu ya ajiye aiki, na dama kuma rabin rana yake yi, amma duk garejin ba mai bakin faɗa masa, domin da kunnen nan ya yi suna.

Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran wutar mota a rumfa ta uku daga bakin ƙofa. Kayan aikinsa ba su cika tsohon gwangwanin fenti ba: filaya, sukundireba, 'yar guduma, kwan fitila mai wayoyi biyu, sai naɗin jan salatef. An ce wata rana yana saurayi yana shan shayi, wata mota ta yi tari a tsallaken titi, ya faɗi ciwonta ba tare da ya ajiye kofin ba, aka buɗe aka tarar haka ne. Sau ɗaya abin ya faru. Amma ya yi ta ba da labarin, kowace shekara titin yana ƙara faɗi, har ta kai yanzu motar tana wata unguwa ya jiyo ta.

Shi kuwa jan salatef, shi ne sa hannunsa. Duk wayar da ya haɗa sai ya naɗe ta zagaye uku, ya bar 'yar jela a lanƙwashe kamar ta zakara. Yakan ce, "Duk inda ka buɗe bonet ka ga wannan ɗaurin, rufe kawai ka nemi ciwon a wani wuri."

Surukin nasa, mijin babbar 'yarsa, direban gidan burodi ne, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya ba shi lokaci ya huta. Mako uku ke nan motarsa ba ta tashi sai an tura. A makon farko Mai Kunne ya karkata kai ya saurara, ya ce batir ne. Mai gidan burodi ya sa sabo. A mako na biyu ya ƙwanƙwasa kik da guduma, wato abin da ke murza inji ya tashi, ya ce shi ne ya mutu. Aka sa sabo. Mota ta ce ba ta san zancen ba. Jiya mai gidan burodin ya gaji, ya ce ko dai direban yana da mugun hannu, ko kuma sababbin kayan wata hanya suke bi. In motar ba ta shigo da ƙafarta kafin ƙarfe biyu na yau ba, direban ya ajiye makulli a kan tebur.

Da safe ma sai da uwar 'ya'yan Mai Kunne ta zagayo ta kunnen dama ta faɗa masa, sau biyu: "In yaron nan ya rasa aikinsa, 'yarka da jikokinka uku nan za su dawo. Ɗakinka zan ba su, kai sai ka je ka kwana cikin bonet."

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Mai Kunne ya goge hannu a tsumma, ya gyara murya irin ta alƙali.

"Inji ne ya cije. Sai an sauke shi."

Direban ya fito daga motar. "Baba, sauke inji ai kwana uku ne. Kuma in aka tura ta tana tashi."

"Kai ka sani ko ni? Batir sabo, kik sabo. Wayoyi kuwa zo ka gani da idonka."

Ya ɗauko kwan fitilarsa ya yi ta dangwala shi, nan a kan batir, nan a gindin kik, nan a jikin inji. Ko'ina ya taɓa sai kwan ya kama fes. Direban ya gyaɗa kai, amma idonsa yana satar kallon rumfa ta gaba. Taku goma ne kacal, sai dai surukuta ta mayar da shi tafiyar kwana uku.

A wannan rumfar ƙanen Mai Kunne yake, uwa ɗaya uba ɗaya. A hannun yayan nasa ya koyi aiki, suna tare har ranar da ya sayo mita mai allurai biyu, ja da baƙa. Mai Kunne ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mota ba mai juna biyu ba ce da za a riƙa yi mata awo, ya laƙaba masa Likita, sunan ya bi shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan fallen kwanon rufi ɗaya ne ya raba rumfunansu. Da rana a akushi ɗaya suke sa hannu, su yi hirar gida da ta dangi, amma ba a ambaton waya.

Likita yana zaune a benci da tumbinsa a gaba, yana kankare kan batir. Bai ɗago ba ya ce, da ƙarfi yadda za a ji, "Yaya, kwan nan naka ai ko gashin waya ɗaya ne ya rage zai kunna shi. Cinsa kaɗan ne. Kik kuwa ƙato ne, ba ya ƙoshi da lomar jariri."

"Wa ya taɓa ka?"

"Ba kowa. Da batir nake magana."

Mai Kunne ya dubi agogon hannunsa. Ya dubi surukin. Ya tuna ɗakinsa, da katifarsa, da jikan nan na tsakiya da har yanzu yake jiƙa shimfiɗa. Roƙo dai ba zai yi ba, ko sama da ƙasa za su haɗu. Sai ya juya ya yi wa iska magana.

"Da ma masu abin wasan yaran nan za su kawo shi, da na nuna wa yaron nan ƙaryarsa ya huta da leƙe-leƙe."

Kafin ya rufe baki Likita ya iso da mitar a hannu, har takalminsa ɗaya ya bari a baya.

Ya fara ɗora alluran a kawunan batir biyu. Mita ta nuna sha biyu da ɗoriya. Ya ce a murza, lambar ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya. "Batir lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

"Sabo ne, ai sai ka gaya mana rana a gabas take fitowa."

Likita ya bar allura ɗaya a kan batir na ɓangaren jar waya, ya miƙa ɗayar ƙarshen wayar, inda ta shiga kik. Aka murza. Lambar ko rabin ɗaya ba ta kai ba. Ya ce wannan hanyar ba ta cin komai. Sannan ya koma ɓangaren baƙar waya, wadda wuta ke bi ta dawo gida: allura ɗaya a kan batir, ɗaya a jikin inji. Mita ta nuna sifiri.

Mai Kunne ya kece da dariya. "Sifiri! Irin wanda kake kawo wa Inna daga makaranta."

"Yi haƙuri, Yaya, ba a ɗora mata kaya ba tukuna. Jaki ma in ba kaya a bayansa ba ka gane gurgu. Kai direba, murza ka riƙe."

Direban ya murza. Sifirin ya yi tsalle ya koma biyar.

"Ka gani?" in ji Likita. "Sha biyu suka baro gida, biyar suna zubewa a wannan hanyar. Da ragowar kik yake fama. Yunwa ce take damunsa, ba mutuwa ya yi ba. Shi wancan da kuka cire ma da ransa kuka binne shi."

Ya matsar da allurar. Daga batir zuwa jikin mota ba asara. Daga jikin mota zuwa inji, biyar ɗin nan tana nan daram. Saura gajeriyar waya mai kauri da ke can ƙasa, bayan inji, inda ido ba ya kaiwa. Likita ya gwada zura hannu, tumbi ya ce bai yarda ba.

"Matsa," in ji Mai Kunne. "Aikin hannu ba na masu lissafi ba ne."

Ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashin motar da sifana. Ya laluba ya kamo wayar. Da zafi, kamar an ciro ta daga murhu. Yatsunsa suka bi ta cikin dattin mai da ƙura, har suka iso wani kumburi a tsakiya. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Sai 'yar jela a lanƙwashe.

Ya gane ɗaurinsa. Bara ne, da aka fara ba surukin nasa motar, wayar ta tsinke, shi kuma ya murɗa guntaye biyu ya haɗa, ya naɗe, ya ce alheri ne ya yi wa suruki, har ya ba da labarin a gida. Daga inda yake kwance ƙafafu huɗu kawai yake gani: na ƙanensa, ɗaya ba takalmi, da na direban, suna ta musayar tsayuwa kamar mai jin fitsari. Ba mai ganin hannunsa. In ya ce lafiya lau wayar take, wa zai shigo ya duba?

Ya kwance notin biyu dai. Sannan ya sa farce zai ɓare jan salatef ɗin kafin ya fito. Ya kankara, ya ja, har da haƙori. Ina! Ɗauri ne na gwani, ko gezau.

"Yaya, ko barci ka yi?"

Ya turo kansa waje, ya miƙe, ya ajiye wayar a kan bonet. Likita ya sa tsumma ya goge ta sau ɗaya. Ja ya fito, sharr, kamar jiya aka naɗa. Direban ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rumfa, sai ka ce shi aka ba kwangilar rufin. Likita ya tsaga salatef ɗin da reza. Wani koren gari ya zubo, cikin dukan gashin wayar huɗu ko biyar ne kawai suke riƙe da juna.

Mai Kunne ya yi gyaran murya. "Ku dai dubi ɗauri. Shekara guda, waya ta mutu ta ruɓe, shi ko motsi bai yi ba."

"Haka ne, Yaya," in ji Likita. "Likkafani mai kyau."

Daga rumfar Likita aka ɗauko sabuwar waya guda, ba haɗi. Mai Kunne ne ya koma ƙasa, ya kankare mazaunin notin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tamau. Da ya fito hannunsa ya kai ga naɗin jan salatef don sabo, sai ya mayar da shi aljihu. Aka sake ɗora mita, aka murza. Lambar ba ta kai rabin ɗaya ba, injin kuwa ya kama tun kafin direban ya gama bismilla. Mai Kunne ya ji shi a tafin hannunsa da ke kan motar.

"Kun ji muryar nan? Tun farko kunnena ya ba ni ƙasa-ƙasa ne."

Ƙarfe ɗaya da kwata. Direban ya leƙo ta taga, murna da tsoro sun cakuɗe masa a fuska. "Baba, Allah ya saka. Sai dai... in mai gida ya tambaye ni zancen batir da kik fa? Har yanzu ni yake zargi."

Mai Kunne ya dubi ruɓaɓɓiyar wayar. Ya ɗauke ta, ya juya ta, jelar zakaran tana nan a lanƙwashe. Sai ya cusa ta ta tagar, ya ajiye a cinyar surukin.

"Kai masa wannan. Ka ce ba hannunka ba ne."

"In ya ce aikin wa ne?"

"Makaho ne shi? Duk garin nan wa bai san ɗaurin ba? Ja motarka ka ba ni wuri, ka tsaya kana ƙona mai."

Motar ta fita da ƙafarta. A bakin ƙofar gareji kuwa mutum huɗu sun turo wata tsohuwar tasi suna haki, mai ita yana tambayar ina rumfar Mai Kunne. Shi kuwa Mai Kunne ya ɗauki gwangwanin kayansa, ya naɗe wayoyin mitar a hankali kamar ya saba, ya soke ta a hammata, ya nufe su.

"Yaya! Mitata!" in ji Likita. "Yaya, ka tafi da mitata!"

Bai waiwayo ba. Wannan karon kam ko Likita bai iya cewa ji ne bai yi ba. Mai Kunne yana isa ya dafa bonet ɗin tasin ya ce, "Kar wanda ya kwance komai. A buɗe mini in gani."