Cokali Biyu Daga Kwalbar Ƙanwata

Damina ce, muna Argungu, lokacin ana ce da mu jihar Sakkwato. Ƙanwata, 'yar shekara huɗu, ciki ya yi tulu, ƙafafu kamar sillen kara. Tsutsar ciki ce. Ta ƙi ci, ta ƙi zama, sai kuka da murƙususu a tabarma.

Baba ya hau mota har Birnin Kebbi, ya sayo magani wajen wani mai kemis ɗan kudu da Hausa ta zauna a bakinsa. 'Yar kwalba ce. Ya miƙa wa Kaka, uwarsa, ya ce, "Inna, mai kemis ya ce ita kaɗai za ta shanye, duka." Ya wuce fadama dashen shinkafa.

To, a gidanmu ko ƙuli ɗaya aka kawo, sai Kaka ta gutsura wa kowa. Ta dube mu, mu sauran jikoki huɗu mun zuba wa kwalba ido, ta ce, "Haba! Ɗiya guda ta sha, saura na kallo?" Kowa cokali ɗaya. Ni babba, uban kwaɗayi, na ji zaƙi na yi ta naci har ta ƙara mini. Abin da ya rage wa mai ciwo bai cika cokali ba.

Da yamma Baba ya ce, "Ta shanye?" Kaka ta ce, "An shanye." Na sunkuyar da kai.

Kwana huɗu Baba na jiran magani ya yi aiki, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In leƙa ɗaki, in fita bakin gulbi, in dawo in sake leƙawa. Tsoron duka ya ɗaure mini baki, wallahi har yau ina jin kunyar haka. Ran kwana na biyar ƙanwata ta yi amai, ga tsutsa doguwa tana motsi. Na fashe da kuka na faɗi komai.

Ko kallona Baba bai yi ba. Ya saɓa ta a kafaɗa sai tasha.

Mako guda suka yi a asibitin Birnin Kebbi. Ta dawo a rame, da sabuwar kwalba. Baba da kansa ya zuba a cokali ya ba ta. Ta riƙe, ta waiwayo tana nemana, ta miƙo mini.

"Yaya, ga naka."