Madubin da Ba Ya Nuna Fuska

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, wanda Tambuwal ta sani da Malam Mai Hoto. Ya fara sana'ar ne a farkon samun 'yancin kai, lokacin Jihar Arewa, sa'ad da kowa ke son a ɗauke shi da sabuwar riga. Da kekensa ya riƙa zagaya kasuwanni, daga Sanyinna har Fakku, da babban akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, da ƙaramar kyamara rataye a wuya. 'Yan makaranta, manoman auduga, 'yan doka, angwaye, babu wanda bai tsaya ƙiƙam a gabansa ba. Mutum ɗaya ce kawai bai taɓa ɗauka ba, wato Inna, mahaifiyarmu. A wancan zamanin matar aure ba ta tsayawa gaban kyamara, ko da ta mijinta ce.

Da zai dawo yau ya ga kowane yaro da waya yana ɗaukar hoton kwanon tuwo, wallahi sai ya yi tsaki. Mutum ne mai rowar fim. Sai ya gyara maka hula, ya sa ka ɗaga haɓa, ya ja numfashi, sannan ya danna sau ɗaya tak.

Da aka zo rabon gado aka yi abin da har yau muke dariyarsa. Baba kan kwance idanun kyamarorin ya naɗe kowanne a ƙyalle daban. Malamin da ya yi rabon, Allah ya jiƙansa, ya ɗaga ɗaya ya leƙa, ya ce, "Wanga ai madubi na, kayan mata." Ya sa su cikin tumunin Inna. Ni kuma aka miƙo mini akwatuna biyu makafi. Da Inna ta gama takaba ta koma wajen danginta a Kebbe da madubanta.

Damuwata ita ce Inna ta tsufa ƙwarai, kuma babu hotonta ko ɗaya a duniya. Jikoki sun yi lallashi, sun yi wayo, da ta hango waya sai ta ja mayafi. Tsoro ya kama ni kada ta tafi 'ya'yan jikokinta ba su san kamanninta ba.

Bayan damina na hau mashin na bi wannan hanyar ta Kebbe mai karya ƙugu. Na ce, "Inna, madubanki na zo aro. Kin san fa kuskure aka yi, ba madubai ba ne."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Kai ka hwaɗa min? Ni da nika goge su tun ba a haihe ka ba? Na sani sarai. Shiru niy yi, don nan idonai ka zama wuni duka."

Kunya ta rufe ni. Ashe duk shekarun nan mu ne ba mu gane ba. Na yi ƙarfin hali na ce idan aka gyara, ko za ta yarda a ɗauke ta da su? Ta daɗe tana juya ɗaya a tafin hannu, sannan ta ce, "In da nashi na, to."

Na haɗa madubanta da akwatunana na kai Sakkwato, inda na sami wani dattijo mai gyaran agogo da kyamara. Da ya buɗe ƙaramar sai ya yi salati. Hunhuna ta yi saƙa a cikin gilasan, maɗannin ya ƙage, zanzaro har ya yi gini a cikin babban akwatin. Ya ce babban ya riga ya huta, sai dai ado. Ƙaramar kuwa ya warware ta gaba ɗaya, ya wanke kowane gilashi, ya sa wa ƙarafan mai, ya liƙe inda haske ke satar shiga. Ido ɗaya ya ƙi, biyu suka fito tas. Ranar da ya danna na ji wannan ƙarar, ƙyas, sai da hawaye suka zubo mini a tsakiyar kasuwa. Fim kuwa daga Legas aka aiko mana, can kuma aka mayar aka wanke.

Da na koma Kebbe, Inna ta sa zanen saƙinta, ta zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ta murtuke fuska. Hannuna na rawa. Sai ta daka mini tsawa, "Riƙe ta da kyau mana! Ubanka bai rawar hannu!" Gidan ya kwashe da dariya, ita ma ta kasa daurewa, ni kuwa na danna.

Hoton ya fito, jama'a, ya fito! Ga wushiryarta, ga tsagen kumatunta, ga dariyar nan. Baba bai bar gida mai bene ba, hotunansa ma yawanci gara ta cinye a akwatunan mutane. Amma kayan aikinsa sun ƙarasa aikin da ya rage masa, kuma ina alfahari da hannuna aka yi.

Da na kai mata, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ashe haka shika ganina." Ta ce a wanke wa kowane jika nasa. Allah ya jiƙan Malam Mai Hoto, ya sa ya huta.