Majo Bulus da Takardar Baƙin Fitsari

Faɗan farko da Inna Kadidiya ungozoma ta yi da Bulus, a bakin ƙofar ɗakin magani aka yi shi a Tawa, shekara biyu bayan an sauke tutar Faransi. Ta rako wasu mata biyu daga Kalfu, 'yan garinsu, ta tsaya daga waje tana jin tambayoyin da ake yi musu, sai dariya ta kuɓuce mata. Bulus ya fito da alƙalami a bayan kunne.

"Tsohuwa, ja baya. Lokotoro na aiki."

"Ina ganin aikin. Naka ma ina gani, kana zuba shirme a takarda da hannu mai kyau."

"Karatu kika yi da za ki san abin da na rubuta?"

"Ban yi ba, amma kunnena bai toshe ba. Koma ka sake tambayar matan can, amsar da suka ba ka ba ta rubutawa ba ce."

"Nan ba wurin yankan cibi ba ne," in ji shi, ya miƙo hannu zai tura ta.

"Taɓa ni da hannun nan mai ɗaukar fitsarin mutane ka gani!"

Bai taɓa ta ba. Ƙyaure ya rufe mata a fuska, masu jiran allura suka yi ta ƙyaƙyata.

Bulus ɗan kudu ne, daga wajen Dogon Dutsi aka turo shi. Ubansa malamin lakkol ne, wato makarantar boko, shi ko ya koyi allura da ɗaurin ciwo, har ya zama majo, wato babban ma'aikacin ɗakin magani. Kadidiya ba ta taɓa hana shi abin da ke nasa ba: hannunsa na da sanyi, allurarsa ba ta kumburi. Matarsa Rebeka kuma mutuniyar kirki ce, Kadidiyar ce ta karɓi haihuwarta har sau biyu. Da ya tsaya nan, da ya tsufa ana sa masa albarka. Sai Allah ya kawo wani lokotoro, wato likita, anasara mai dogon wuya, wanda ba zazzaɓi ya zo nema ba, ba ƙyanda ba. Waɗannan sun yi masa yawa. Cutar da ba kowa ke da ita ba yake so, irin wadda za ka yi yawon ƙasa bakwai kafin ka ga mutum ɗaya.

A Kalfu ya same ta. Gidan Isufu akwai yaro ɗan shekara biyar, Dodo, wanda in ya yi fitsari aka bar shi ya sha iska sai ya koma baƙi kamar ruwan rini. Yayar Isufu, Zalika, ita ma haka take tun tana goye. Ba ciwo, ba zafi, sai dai da girma ya zo bayanta ya riƙe, kunnuwanta suka yi duhu. Mutanen Kalfu sun saba, wanki kawai ke ba su wahala. Lokotoro ko da ya ga kwalbar ta rine sai da ya tashi tsaye don murna. Kadidiya ta ce tun da take ba ta taɓa ganin namiji da gemunsa yana yi wa fitsari irin wannan fara'a ba.

Ranar faɗan nan, zanen zuri'ar gidan suke yi. Mace a ja mata ƙawanya, namiji ɗan akwati, mai cutar a cike nasa da baƙi. Lokotoro na tambaya, Bulus na juyawa. Aka ce wa Zalika, yaron nan na wa ne? Ta ce, "Ɗana ne." Gaskiyarta, tun ranar yaye aka ba ta shi riƙo, a ɗakinta yake kwana, Inna yake ce mata. Aka juya kan Hajaratu matar Isufu, aka ce 'ya'yanki nawa? Ta sunkuyar da kai ta lissafa uku. Huɗu ta haifa. Dodo ne ɗanta na fari, wace mai kunya za ta ƙirga ɗan fari a gaban baƙi, balle ta kama sunansa? Bulus ya ja layi daga ƙawanyar Zalika ya sauke shi kan akwatin Dodo, ya busa tawada. Kadidiya da ta yanke cibiyar yaron da hannunta, ita aka rufe wa ƙofa.

Lokotoro ya koma ƙasarsu. Bayan shekara biyu sai ga ambulan ta gidan waya, takarda shafi shida da Faransanci. Abin da ya gano, in ji Bulus, babba ne: ko'ina a duniya cutar nan sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye take fita ga ɗa, amma a nan ƙasar Adar kaɗai uwa ke miƙa wa ɗanta kai tsaye. Shaida? Ga Zalika, ga Dodo, ga layi. Sunan Bulus na can ƙasan shafin ƙarshe, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, wurin godiya, kusa da sunan wanda ya ba su aron mota.

Daga ranar mutum ya lalace. Ya sa aka ɗinka wa takardar jakar fata. Duk shekara lokotoro kan aiko masa wasiƙa yana faɗin likitoci nawa suka ambaci aikin a cikin nasu rubutun, don a wajensu da wannan ake auna mutum, ba da yawan waɗanda ya warkar ba. Mai gudawa na murƙususu a kan benci, Bulus na ba shi labarin wani masani a Jamus da ya ambace su. "Mun kai biyar." Wata shekara, "Mun kai tara." Har mahautan kasuwa in sun hango shi sai su ɗaga murya, "Majo, yau mun kai nawa?" Shi kuwa ya tsaya ya ba su amsa da gaske.

Kadidiya ta bar shi da haukansa, tunda takarda ba ta cizo. Ashe tana cizo.

Zalika na da 'ya guda da ta haifa, Habi, lafiyayya garau. Wani mai sayar da raƙuma daga Takanamat, Ma'azu, ya gan ta a kasuwar dabbobi, suka daidaita, har an sa rana. Sai iyayensa suka ji ƙishin-ƙishin, baffansa ya zo Tawa ya tambayi majo. Bulus ya buɗe jakar fata, ya ɗora yatsa kan baƙar ƙawanya, ya ce duk abin da ya fito daga cikin matar nan yana iya haifar irinta, likitocin duniya goma sha ɗaya sun yarda. Mutanen Takanamat suka aiko a dakata. Mutanen Kalfu suka rantse Dodo riƙo ne, aka ce musu ai dole ku faɗi haka, ga shi a rubuce.

Kadidiya ta sami Bulus a gida yana cin tuwo.

"Majo, ba Bahaushiya ta haife ka ba?"

"Inna, zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ranar nan, da Hajaratu ta ce uku tana kallon ƙasa, ba ka gane ba?"

Ya daɗe yana juya loma. Ya ce ya ɗan yi zato. Amma lokotoro ya riga ya yi murna, ya dafa masa kafaɗa, ta yaya zai tsaya yi wa anasara bayanin kunyar ɗan fari, a ɗauke shi baƙauye?

"To yanzu tashi mu je Takanamat ka faɗa musu."

"In na faɗa, maganar za ta kai can. Aikin duka ya rushe ke nan. Mutum goma sha ɗaya fa, Inna."

"Goma sha ɗaya sun kwafi ƙaryar mutum ɗaya, kai kana ƙirga su kamar tumakin ubanka. Sau huɗu na ga abin nan a shekara arba'in, kowanne auren zumunci ne, ɗan wa ya auri 'yar ƙane a gidan nan. Baƙo daga Takanamat shi ne maganinsu, kai ka kore shi."

Rebeka ta sa baki ta ce ya ji tsoron Allah ya je. Ya ce zai yi tunani. Sati uku yana tunani, Habi na ramewa.

Da Kadidiya ta ga ba shi da ranar gamawa, sai ta tafi Kalfu ta zauna da Hajaratu a ɗaka tun hantsi har azahar. Ranar kasuwa suka hau jakai su biyu suka nufi Takanamat. A zauren baffan Ma'azu, gaban maza takwas da ba ta taɓa gani ba, Hajaratu ta tsuguna, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ta haifi yaron, shi ne na farinta. Baffan ya ce wane yaro? Ta ƙara jan mayafin. Sannan ta faɗi sunansa, sunan yanka, wanda bai taɓa fita bakinta ba shekara goma. Dattawan suka sunkuyar da kai, kunya ta kama su su ma. Sun san mace ba ta yin wannan a kan ƙarya. Bayan girbi aka ɗaura auren. Hajaratu kuwa ta yi wata biyu ba ta zuwa rijiya, don matan Kalfu har waƙa sun yi mata.

Bulus bai rubuta wa lokotoro ba. Ya dai rage fito da jakar, mahauta ma suka gaji da tsokanarsa. A shekarar da aka yi masa canji zuwa Yamai, ana jibi zai tafi, ya zo gidan Kadidiya da sabon littafi da alƙalami, ya cire takalmi ya durƙusa. Ta zaci gafara ya zo nema, har zuciyarta ta fara sanyi.

"Inna, ke kaɗai kika san wa ya haifi wa a Kalfu. Faɗa mini daidai, gida gida. Ni zan rubuta sabuwa in gyara ta farko. Wannan karon sunana a sama zai fito."

Ta dube shi daga hula har yatsun ƙafa.

"A sama," ta ce. "To. Kai na nawa ne wurin uwarka?"

"Ni ne na fari."

"Madalla. Ka biya ta Dogon Dutsi a hanyarka, ka tara mata maza takwas, ka sa ta kira sunanka da ƙarfi kowa ya ji. In ka iya tsayawa kana kallonta har ta gama, dawo in ba ka na Kalfu. Ɗauki takalminka, awakina na son wucewa."