Geron Inna da Damina Biyu

Ranar wata Talata ce a watan Maris na shekarar 2000, saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, raguna sun cika bakin titin Agege da kuka, sai hadari ya haɗu da hantsi. Ina da shekara goma, ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke, iska ta taso ta kwashe kayan shanya, ta yi ta kaɗa ganyen ayabar da ke bayan madafa, sannan ruwa ya sauko a kan kwanon rufinmu kamar ana zuba tsakuwa. Mu yara muka ruga da bokitai da robobi muna tara a bakin indararo kamar yadda muka saba. Inna kuwa, mahaifiyar Babanmu, wadda watanta uku ke nan da zuwa daga wani ƙauye a gabashin Daura, ta fito ƙofar ɗaki ta miƙa tafin hannunta, ruwan ya cika shi, ta shafa a fuska. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai takwara. "Takwara, aro mana fartanya," in ji ta, "yau Allah ya kawo shuka."

Abin da za a shuka yana cikin wani ɗan gora da ta toshe bakinsa da tsumma, take ajiye shi a ƙarƙashin matashinta. Gero ne, amma ba irin na kasuwa ba. Zangarniyarsa tana da gashi-gashi mai hana tsuntsu sauka, kuma marigayi kakana, Malam, ya gaje shi daga mahaifinsa, duk shekara yana zaɓar masu kyau ya rataye a rumbu don iri. Bayan rasuwarsa ruwa ya yi gardama shekara biyu a jere, 'yan uwa suka cinye abin da ke rumbu har da irin, aka raba gonar aka sayar. Abin da ya rage a duniya, a sanin Inna, shi ne na cikin goran nan, bai wuce tafi huɗu ba. Iri kuwa ba ya jiran mutum har abada. In ya daɗe ba a mai da shi ƙasa ba, a zaune yake mutuwa.

Gidanmu na haya ne, dogo, ɗakuna suna kallon juna, Hausawa da Yarbawa a cakuɗe. Babanmu fataucin goro yake yi, shi ya sa zaurenmu kullum yake ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi. Tsakanin katangar baya da layin dogo akwai wani ɗan fili inda mai gidan, wata ƙaƙƙarfar Bayarabiya da ake kira Iya Sikira, take noma lalo da alayyafo da masara. Ita ba ta jin Hausa sai gaisuwa, Inna ba ta jin Yarbanci ko na neman ruwan sha. Ni da aka haifa a Agege, nake wasa da 'yarta Sikira tun muna rarrafe, ni ce tafinta. Iya Sikira ta ba mu gefen filin da hannu biyu. Amma da ta zuba geron a tafinta ta tambayi wata nawa yake yi ya nuna, na ce uku, sai ta ƙirga da yatsu ta girgiza kai. Ta ce in gaya wa Mama, haka take kiran Inna, kada ta shuka yanzu, domin zai fid da kai a tsakiyar ruwa, lokacin da ko kaza ba ta bushewa. Na faɗa wa Inna kamar yadda aka faɗa mini. Ta yi dariya har da riƙe haɓa. "Shekara hamsin ina bin sawun Malam a gona, yau mai cin rogo za ta koya mini gero? Ce mata na gode." A inda ta fito, ruwan fari ba a yi masa jinkiri, domin damina ɗaya ce, gajeriya, wanda ya makara ya kwana da yunwa. Muka shuka tafi uku a ranar, ta bar ɗaya a gora.

Geron ya fito kamar abin tsafi. Ƙasar Agege ja ce mai danshi, kome ka jefa mata sai ta mai da maka shi kore. Ƙwallon mangwaron da muka yar a bayan kwata ya tsiro, gwanda ta fito daga tsagin katanga, ciyawa kuwa in aka nome ta Asabar, kafin wata Asabar ta dawo da 'yan uwanta. Cikin 'yan makonni karan Inna ya wuce tsawona, ya wuce na Baba. Ta kan zauna a gefensa da la'asar tana jan carbi, jirgin ƙasa ya wuce yana girgiza ganyen, ita kuma tana kallon Iya Sikira ta wutsiyar ido. Mu kuwa damina ta buɗe mana wasa. Mukan yi jiragen takarda mu sake su a kwata mu bi su a guje har bakin titi, mu kama ƙwarin shinge in sun fito bayan ruwa, in raka Sikira tsintar dodon koɗi a gindin ayaba ina toshe hanci ita tana yi mini dariya. A lokacin na fara satar karanta littattafan soyayyar yayata, waɗanda motocin goro suke kawowa daga Kano, don haka kome a idona masoyi ne. Na ɗauka sama ce take kukan begen ƙasa, geron Inna kuma wasiƙar da Malam ya bari ce ake buɗewa a hankali.

Da watan Yuni ya kama, sama ta daina ɗagawa. Ruwa ya kwana ya wuni, wani lokacin kwana uku ba mu ga rana ba. Gishirin Umma ya narke a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, garin kuka ya dunƙule, takalmin Sallar Baba ya yi furfura a ƙarƙashin gado. Rigar makarantata da danshinta nake sa ta. A cikin wannan hali geron ya fid da kai. Zangarniyar ta fito doguwa, kyakkyawa, amma ba ta sami rana ko ta wuni ɗaya ba. Ta fara baƙi daga sama, ta yi funfuna, in ka murza sai ta koma taɓo a hannunka. Wata safiya iska ta kwantar da karan gaba ɗaya cikin ruwa. Inna ta tsaya a kansa da zanenta a jiƙe, ba ta yi kuka ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe ruwa ma yana kashe gero." Kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba.

A rana ta uku Iya Sikira ta shigo ɗakinmu ba tare da ta tuna wa kowa cewa ta faɗa ba. Goran ta nema. Da aka buɗe sai ga tsumman ya jiƙe, ƙwayoyin sama sun fara wari. Ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta gauraya sauran da toka, ta ƙulle a ganye ta rataye a saman murhunta, inda take rataye masarar iri hayaƙi yana busar da ita. Ta ce in gaya wa Mama a nan garin ba a ajiye iri a ƙarƙashin kai, kusa da wuta ake ajiyewa. Daga ranar Inna ta riƙa ɗaukar kujerarta tana zuwa madafar Iya Sikira, wai don ta sa ido a kan ƙullinta. Sai ga su suna tsinkar lalo tare, kowa tana magana da yarenta, suna amsa wa juna da kai. Sau da yawa ko nemana ba sa yi.

Wajen ƙarshen Yuli ruwa ya ɗauke. Sama ta zauna toka-toka, ga sanyi, amma ko ɗigo. Inna ta ce shi ke nan, damina ta wuce, ƙullin zai kwana wata shekara, kuma ba ta jin zai kai. Aika shi gida ma ya makara, can an daɗe da yin noman farko. Iya Sikira ta ce ba wucewa ruwan ya yi ba, hutawa yake, zai dawo a Satumba, ya yi wata biyu ya tafi, kuma geron da aka shuka a farkonsa zai nuna cikin rana. Inna ta dube ni kamar ni na ƙirƙiro maganar. "Damina biyu a shekara ɗaya, takwara? Ko a tatsuniya ban ji ba." Tafi ɗaya ne ya rage, in aka zuba shi a ƙasa ruwa bai dawo ba, geron Malam ya ƙare a hannunta. Ba ta yarda ba.

Abin da ya sauya mata ra'ayi daga bakin malaminmu na firamare ya fito, wani dogon Bayarabe mai tabarau da ke zaune a layinmu. Lokacin ana hutu, na same shi yana sayen burodi na tambaye shi ina ruwa yake zuwa in ya ɗauke. Ya tsugunna ya zana ƙasarmu da tsinke a kan yashi. Ya nuna mini teku a ƙasa, da dajin bakin ruwa mai bishiyoyin da saiwarsu ke tsaye cikin gishiri, sai kurmi inda goron Baba yake fitowa, sai ƙasar ciyawa da kaɗanya, sai can sama inda kuka da gawo suke tsaye nesa da juna. Ya ce iska ce take ɗauko ruwa daga teku tana bin rana zuwa arewa. Ta bi ta kanmu tana zubarwa, ta wuce, a watan Agusta ta kai ƙarshen tafiyarta, sannan ta juyo ta sake bi ta kanmu. Mu muna kan hanya, shi ya sa muke ganinta sau biyu. Mutanen arewa suna ƙarshen hanya, sau ɗaya take sauka a wurinsu. Na rugo gida na zana wa Inna a tsakar gida, na ƙara da nawa, na ce ruwa matafiyi ne da ya je ganin masoyiyarsa zai dawo. Ta ce in rufe mata baki da zancen littafi. Amma ta shiga ƙirga wata, ta ga cewa daidai lokacin ne marka take sauka a ƙauyensu, har katangu suna faɗuwa. "Wato yanzu yana garinmu," in ji ta. "To, baƙon da ya je gidanmu ba ya ɓata hanya."

Ruwa ya dawo a farkon Satumba, mai taushi, ba irin na baya ba. Wannan karon Iya Sikira ce ta ja kunyoyi masu tudu don kada ruwa ya kwanta, Inna ta bi bayanta tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige, kowane rami da bisimilla. Ba ta bar ko ƙwaya ɗaya a ganyen ba. Gadi ya zama aikinmu ni da Sikira. Muka kewaye wurin da tsohon buhu da karan rogo saboda awaki, muna carafke a gefe muna korar kaji. Duk sanda hadari ya taso a watan Oktoba sai in leƙa fuskar Inna, ita kuma ta leƙa ta Iya Sikira. Karan bai yi tsawon na farko ba, amma ya tsaya da ƙafarsa. Ya fid da kai ruwa yana bankwana, ya sha rana son ransa, zangarniyar ta yi nauyi ta sunkuya, tsuntsaye suka yi ta kewaya ta suna komawa.

Cikin azumi muka yanke shi, ɗan dami guda wanda ni ma zan iya ɗauka. Inna ta zaɓi manyan zangarniyoyin ta ɗinke a ƙyalle, ta ba wani direban motar goro ɗan garinsu amana, ya kai wa ƙanenta. Ta ware biyu aka rataye a saman murhu. Ragowar ta sussuka, ta daka, ta dama kunun tsamiya, kuma ƙoƙon farko ni ta ba in kai wa Iya Sikira ta buɗe baki. Iya ta kurɓa, ta ɗaga kai tana tunani, ta ce in gaya wa Mama ya yi daɗi, amma da an ɗan sa barkono. Inna ta ce in gaya mata Allah ya shirya Bayarabe, sannan ta kama hannunta ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba, kuma ba wanda ya ce in fassara.

Yau filin nan shaguna ne, an shafe shi da siminti har bakin dogo, ayabar ma an sare. Su biyun sun riga mu gidan gaskiya, kusa da juna aka yi rashinsu. Ruwan ma ya rage cika alkawari, wata shekarar ya ƙi hutawa a Agusta, wata ya zarce har Nuwamba, 'ya'yana kuwa a waya suke duba ko za a yi shi. Amma a wani ƙauye a gabashin Daura jikokin ƙanen Inna suna nan suna shuka gero mai gashi, sukan aiko mini da tiya guda bayan girbi. Na taɓa tambayarsu sunan irin, suka ce su dai sun taso sun ji ana ce masa ɗan Iya, ba su san kowace Iya ba ce. Ni na santa, kuma ba na dama shi ban yi mata addu'a ba.