Amatullah da Firijin Mahuta

Amatullah 'yar Malam Jibo ce, makiyayin da ya daɗe da kafa gida a gefen Mahuta, yana noma masara da dawa, yana kuma kiwon garken da ya gada. Tana ƙarama ita ke riƙe wa uwarta ƙwarya wajen tatsa. A sakandare ta fara taɓa kwamfuta, daga nan kuwa hankalinta bai sake komawa kan wani abu ba. Ta yi difloma a fannin, ta auri Talha, wani malamin firamare a Funtuwa, sannan ta samu aiki a wata ƙungiyar manoma da makiyaya da ke da ofis a cikin gari. Mace ce marar hayaniya, mai son bin abu a sannu har ta ga tushensa.

Ƙungiyar na da firiji mai aiki da hasken rana a wani ɗan ɗaki a Mahuta, inda ake ajiye allurar rigakafin ciwon huhun shanu. Allurar ba ta son zafi ko kaɗan. In ta ɗumama, ta zama ruwa kawai. Saboda haka aka maƙala wa firijin ma'aunin sanyi, wanda ke aiko da saƙo ofishin Funtuwa a kai a kai. Manhajar da ke karɓar saƙonnin tana zaune ne a wata kwamfuta da aka ƙirƙira a cikin babbar kwamfutar ofis, wadda ba ta da jikin da za a taɓa, amma tana aiki kamar kowace kwamfuta. Kula da ita aikin Amatullah ne. Kullum da safe sai ta duba allo, ta ga koriyar alama, ta san sanyi na daidai.

Da damina ta kankama, Dakta Murtala, likitan dabbobin ƙungiyar, ya fita zagayen allura. Malam Jibo bai so ba. Ya taɓa ganin garken wani ya lalace bayan allura, tun daga lokacin yake ɗari-ɗari da ita. Amatullah ce ta je har gida ta zauna gabansa.

"Baffa, wannan ba irin waccan ba ce. Ni ke duba sanyinta da idona kullum."

"To, Amatu, tunda ke kika faɗa," in ji shi. Ya kai shanunsa, maƙwabtansa ma suka bi bayansa.

Wajen kaka sai kwamfutar nan ta ciki ta fara nauyi. A danna abu, sai an gaji da jira kafin ta amsa. Wata Talata da hantsi ta tsaya cak. Alhaji Maiwada, shugaban ƙungiyar, yana da baƙi daga Bakori da yake son nuna musu yadda ake aiki, ya leƙo ofishinta.

"Malama Amatullah, kashe ta ki kunna mana. Ai haka ake yi."

"Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci. Abin da ta rubuta ta adana yana nan ko an kashe ta. Amma abin da take riƙe da shi yanzu a memori, wato ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, da an kashe ya tafi ke nan, kuma a can matsalar take. In ban ɗauke shi ba, gobe ma za ta sake, ba mu san dalili ba."

Alhaji ya duba agogo, ya ce ta yi sauri, ya ja baƙinsa suka tafi ganin rumbun taki.

Sauƙin irin wannan kwamfuta shi ne ana iya daskarar da ita daga waje, ta tsaya yadda take ba tare da ta manta komai ba. Amatullah ta daskarar da ita, ta umarci babbar kwamfutar ta juye duk abin da ke memorin ƙaramar a fayil guda, ta kwafe fayil ɗin a faifan ajiya. Sai bayan nan ta kashe ta kunna. Allo ya dawo da korensa, baƙi suka gani suka yaba.

Bayan azahar ta buɗe fayil ɗin da manhajar bincike. Ta zaci wata ƙaramar matsala za ta tarar. Abin da ta fara gani shi ne manhajar firiji ta cinye kusan dukkan memorin. Ta leƙa ciki don ta ga me ta tara haka, sai ga saƙonnin ma'aunin Mahuta jibge, dubbai, ba a buɗe ko ɗaya ba. Ɓangaren da ke karɓar saƙo yana aikinsa, amma ɓangaren da ke karantawa ya maƙale tun farkon damina. Koren da Amatullah take gani kullum, sanyin ranar da ya maƙale ne yake ta maimaitawa.

Ta fara karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Da rana sanyi daidai. Bayan faɗuwar rana sai zafi ya yi ta hawa har ya kai na cikin ɗaki, sai gari ya waye rana ta ɗaga sannan ya sauko. Batirin firijin ne ya raunana, hadarin damina kuma ya hana shi cika. Masu ɗaukar allura da hantsi suke zuwa, su taɓa kwalba su ji ta da sanyi.

Amatullah ta koma ta duba ranakun, ko ta yi kuskure. Ba kuskure. Duk allurar da aka yi a zagayen nan ta riga ta lalace kafin a tsira wa saniyar farko.

Ta kira Dakta Murtala. Ya zo ya tsaya bayanta yana kallon allo, sannan ya laluba kujera ya zauna.

"Shekaranjiya aka kira ni wata ruga kusa da Ɗandume," in ji shi a hankali. "Shanu na tari. Na ce musu ba ciwon huhu ba ne, tunda ni na yi musu rigakafi."

Da aka gaya wa Alhaji Maiwada, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana salati. Ya tambaya ko akwai wanda ya sani ban da su ukun. Amatullah ta ce babu, amma ita yanzu za ta tafi Mahuta. Ya dube ta, ya dubi likita, ya ce a fito da motar ƙungiya, shi ma za shi.

Sun iske Malam Jibo a bakin garke da la'asar. Can gefe ya ware wata farar saniya, ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana numfashi da ƙyar. Amatullah ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai ba ta rage ba.

Tsohon ya dubi saniyar.

"Wato ruwa aka zuba musu?"

"Ruwa ne, Baffa."

"Kuma na haɗa su mashaya da baƙin shanu, saboda na saki jiki." Ya juya wajen likita. "Malam, wace ce za ta tsira, wace ce ba za ta tsira ba? Gaya mini mu raba su kafin magariba."

Washegari aka bazama kan babura ruga-ruga ana sanar da mutane su killace masu tari. Aka nemo sabuwar allura daga Katsina, aka sauya batiri. Duk da haka an yi asara. Malam Jibo ya rasa farar saniyar da wasu 'yan maruƙa, wani maƙwabcinsa kuwa kusan rabin garkensa ya tafi, har yau ba ya amsa gaisuwar kowa daga ƙungiyar. Kamfanin da ya rubuta manhajar ya fara da musanta laifin, sai da Amatullah ta aika musu fayil ɗin suka gani da idonsu, sannan suka gyara.

Amatullah ta yi makonni ba ta iya cin abinci sosai, Talha na lallashinta. Ta yi niyyar ajiye aikin, Alhaji Maiwada ya ƙi karɓa. Tana nan a ofishin har yanzu, da goyonta a gefe, kuma ƙungiyoyi daga Malumfashi da Bakori kan aiko mata in na'urarsu ta rikice. Sharaɗinta ɗaya ne, kada kowa ya kashe na'urar kafin ta iso.