Magajin Anacleto

A duk bakin kogin Tapajós ba wanda ya kai Anacleto iya tuƙa kwalekwale, ba kuma wanda ya kai shi faɗin hakan da bakinsa. Shekara talatin da aurensu da Firmina, Allah bai ba su haihuwa ba. A gaban mutane wasa yake mayar da abin, amma yana cin sa a rai. Ya san ranar da aka binne shi an binne sunan Anacleto ke nan.

Ana nan sai ga wani Bature ya sauka ƙauyen, rana ta gasa shi ya yi jajur, da raga a bakin sanda da akwatuna cike da allurai. Ba shi da aiki sai kama ƙwari yana sokewa. Kafin mako ya zagayo an raɗa masa suna Dokta Ƙwaro. Shi ya ɗauki Anacleto ya riƙa kai shi daji, Firmina kuma tana dafa musu kifi da garin rogo.

Wata rana ana cin abinci Dokta ya ce duk halittu tushensu ɗaya, a hankali suka rarrabu, har mutum da biri ma dangi ne.

"Naku dangin dai, Dokta," in ji Firmina. "In ƙara maka romo?"

"Ni kam na yarda," in ji Anacleto. "Ai na san ƙaninki."

Abin da ya gagari Dokta shi ne wani buzuzu mai ƙaho, wanda ba ya sauka sai a kan kashin biri. Sai su wuni ƙarƙashin itace suna jiran biri ya ji matsuwa. Ran nan Anacleto ya gaji.

"Dokta, in da gaske mu dangin biri ne, jiran me muke yi?"

Ya zaga bayan wani kututture. Kafin ya gama ɗaura wando, buzuzu sun fi ashirin. Daga ranar kullum da safe aikinsa ke nan, Firmina har wake ta ƙara masa a abinci. Shi ne kuma ya lura na wannan gaɓar ƙahonsu dogo ne, na tsallake gajere.

"'Yan'uwa ne ruwa ya raba," ya ce wa Dokta. "Kamar mu da mutanen tsallake. Su ma ai ka ga yadda suka lalace."

Dokta ya kwana uku yana rubutu. Ranar tafiyarsa ya riƙe hannun Anacleto ya ce zai sa wa wata halitta sunansa a littafi, sunan da ba mai gogewa. Anacleto bai tambayi wacce ba. Shi a ransa ai ba ta wuce babban malam-buɗe-littafin nan shuɗi mai walƙiya. Ya shafa wa kwalekwalensa shuɗin fenti, ya bi kogi sama da ƙasa yana shela.

Sai bayan shekara bakwai saƙo ya iso daga Dokta. Anacleto bai iya karatu ba, kuma ya ƙi a karanta masa a ɓoye. Ya jira Lahadi, aka tashi daga coci, ya miƙa wa Fada Honório a gaban kowa. Fada ya buɗe, ya yi tari, ya ɗaga takardar. Ga zanen buzuzu yana tura dunƙulensa da ƙafafun baya, ga suna a ƙasa, anacletoi. Dokta, da yake mutum ne mai cika alkawari, har ya bayyana dabarar da aka kama shi da ita, bai rage komai ba.

Aka yi dariya har wata tsohuwa ta zauna a ƙasa. Anacleto ya tafi gida ya haye ragar kwanciya, kwana uku bai taɓa kwalekwale ba.

A rana ta huɗu Firmina ta dawo daga wurin Fada, ta tsaya a kansa.

"Maigida, tashi. Na tambayo. Ya ce muddin ƙwaron nan na duniya, da sunanka za a kira shi, har jikokin jikokinsa."

"Ƙwaron kashi, Firmina."

"To wane ɗa ne ba ya wasa da kashi? Da cikinka ka ciyar da su. Ni shekara nawa ina roƙon guda ɗaya ban samu ba, kai ga daji cike da naka kana kwance kana fushi."

Ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Anacleto ya daɗe yana kallon ta, sannan ya sauko, ya ɗauki hularsa.

"Sa wake a wuta," ya ce. "Bari in je in ga yaranmu."